Yadda za ka faɗi launi a gane ka: abin da na koya a bakin karofi

Mahaifina marini ne a wani ƙauye da ke ƙasar Kura. Tun ban isa shiga makarantar allo ba nake zama a bakin karofi ina kallon wani abu da har gobe yake ba ni mamaki. Za a tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba, a jima kaɗan, a ɗago shi. Lokacin da ya fito kore ne mai ɗan rawaya-rawaya, kamar sabon tofon ganye. Sai a matse, a warware shi iska ta buge shi. Kana tsaye kana kallo zai fara juyawa, bakin-bakin tukuna, sannan tsakiya, kafin ka ƙirga ɗari ya koma shuɗi. Iska ce ke yin wannan aikin. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, sau biyar, sau goma, har ya yi duhun da mu a gidanmu baƙi muke ce masa. Wata rana na ce, "Baba, a daidai ina kore yake ƙarewa shuɗi ya fara?" Bai ko ɗago kai daga matsar da yake yi ba ya ce, "Inda bakinka ya yanke."

Yau ina koyar da 'yan aji uku a firamaren garinmu, da yamma kuma ina zama a ɗan shagona ina sayar da zaren hula, ina karɓar aiki ina rarraba wa matan da ke ɗinki a cikin gida. Yawancin rigimar da na gani a wannan sana'a ta kala ce, kuɗi ma bai kai ta haddasa ɓacin rai ba. Wani ya faɗi suna, wani ya ji, kowa da hoton da ya zo masa a zuciya. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake yi, saboda tela, da mai aikawa a sayo mata atamfa, da uwa mai koya wa ɗanta, da duk wanda aka taɓa kawo masa saƙo ya ce ai ba wannan na ce ba.

Ka fara da sanin faɗin kalmomin da ke bakinka. Ɗauki ja kawai. Jar akuya, jan goro, jar ƙasa, jar albasa, manja, jan ƙarfe, jini, barkono, da mutumin da ake cewa ja ne. Jera su a tabarma ɗaya ka gani ko akwai biyu da suka yi daidai. Jar akuya ruwan ƙasa ce, jan goro ya fi kusa da ruwan hoda mai cizawa, manja kuma ya karkata wajen ruwan lemo. Haka baƙi: baƙin shayi in ka ɗaga kofin gilashi ja-ja ne, baƙin rawani shuɗi ne da ya ƙoshi da baba. Farin goro da farin wake da farar shadda su ma kowa da nasa farin. Ba kuskure muke yi ba, haka harshen ya ginu. Waɗannan ukun su ne manyan rumbuna, komai ana iya zubawa a ciki.

A 1969 wasu masana biyu a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, suka kwatanta sunayen launi na harsuna 98. Suka lura cewa harshen da ke da manyan sunaye biyu kacal, haske da duhu yake rabawa. In ya sami na uku, ja ne. Daga nan kore ko rawaya, sannan shuɗi, sauran su biyo baya. An yi ta musu a kan aikin nasu, su ma daga baya sun gyara wurare, amma ni da na karanta sai na ji kamar a zaurenmu suka zauna. Duba inda Hausa ta shigar da launi cikin halin mutum: farin ciki, baƙin ciki, farin jini, baƙin jini, jan hali, jan aiki, jan wuya. Ka taɓa jin shuɗin ciki ko koren hali? Rawaya sunan tsiro ne da ake samun rini mai ruwan ɗorawa daga saiwarsa. Shuɗi da shuni 'yan ɗaki ɗaya ne. Sauran kuwa aro muke yi daga abin da ke gabanmu, mu sa "ruwan" a gaba. To in ka ce wa mutum ja ka yi shiru, rumbu ka nuna masa, ba ka nuna masa damin da kake so ba.

Abu na biyu, ka san da wa kake magana, don kalma ɗaya tana da shekaru. Shekarata ta biyu da buɗe shago wani dattijo, abokin Baba, ya aiko jikansa ya ce a ɗinka masa hular da za ta hau da korensa, zai sa da Babbar Sallah. Na ji kore, na ɗebo zare kore shar na haɗa da fari na kai wa wata gwanar ɗinki. Mako uku tana kanta, ga raino ga girki. Ranar da na kai masa, ya juya hular a hannu, ya yi shiru, ya shiga ɗaki ya fito da rigar. Baƙa ce ƙirin, tana ƙyalli kamar bayan ƙwaro, irin wadda aka rina da baba aka kai mabuga aka buge ta da shuni. A bakin mutanen da, wannan rigar ita ce kore. Ya ce, "Ɗana, kai fa ɗan marini ne." Wannan maganar ta fi asarar zaren yi mini ciwo. Na biya matar ladanta cif don ba ta da laifi, hular kuma ta yi wata huɗu a shago kafin ta sami mai so. Tun daga ranar, in tsoho ya ce kore sai na ce, "Baba, na ganye ko na rini?" Haka in na ji algashi nakan tsaya in tambaya, don na ji masu nufin kore da shi, na ji masu nufin wani abu mai kama da shunayya.

Yanzu ga gwajin da nake so kowa ya yi da hannunsa, don abin da ka gani ya fi abin da aka ba ka labari. Nemi zare kala goma sha biyar ko ashirin, tun daga kore shar har shuɗi mai duhu, ka tabbata akwai na tsakiya, irin waɗanda kai kanka sai ka yi jim kafin ka sa musu suna. In ba ka da zare, ƙyallayen da tela ke zubarwa sun isa. Yanka kowanne tsawon ɗan yatsa, ka shimfiɗa a kan farin ƙyalle a inuwa. Kira mutum uku ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya ga na wani, ka ce kowa ya ware su kashi-kashi yadda ya ga sun dace, ya faɗi sunan kowane kashi. Da na yi a gida, Inna kashi biyar ta yi: tsanwa, kore, ruwan bula, shuɗi, baƙi. Wani ɗalibina mai shekara tara kashi biyu ya yi, girin da bulu. Ƙanwata mai sayar da atamfa ta yi bakwai, har da ruwan omo da ruwan sararin samaniya. Amma fa da na ɗauko zare biyu daga kashi ɗaya na yaron na haɗa su gefe da gefe na ce iri ɗaya ne, nan take ya ce a'a, wannan ya fi duhu. Idonsa lafiya lau. Abin da ba shi da shi suna ne.

Rabi na biyu na gwajin ya fi daɗi. Ɗauki zare ɗaya na tsakiya, nuna wa mutum ya kalla sosai, ka mayar cikin sauran ka cakuɗa. Ku yi wata hira ta ɗan lokaci, ta farashin taki ko ta ruwan bana, sannan ka ce ya zaro wanda ka nuna masa. Abin da nake gani a kai a kai shi ne, wanda ya sa wa zaren suna takamaimai a ransa yakan dace ko ya kusa. Wanda kuwa ya ce "kore ne" kawai, hannunsa yakan zame ya ɗauko kore na sosai, wanda ya fi cika sunan. Ido ya ga gaskiya, amma abin da aka ajiye a ƙwaƙwalwa kalmar ce, ita ce ta ja hannun. Wannan shi ke faruwa da ɗan aike tsakanin gida da kasuwa.

Masana sun auna irin wannan da na'ura. Mutanen Rasha ba su da kalma guda da ta rufe duk abin da Bature ɗan Ingila ke kira bulu. Mai duhu siniy suke ce masa, mai haske goluboy, kamar yadda Inna ta raba shuɗi da ruwan bula. A 2007 Jonathan Winawer da Lera Boroditsky da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon wani gwaji: a nuna wa mutum ɗan murabba'i shuɗi a saman allon kwamfuta, biyu a ƙasa, ya zaɓi wanda ya yi daidai da na sama. 'Yan Rasha sun fi sauri in biyun na ƙasa ɗaya siniy ne ɗaya goluboy, masu Turanci kuwa wannan iyakar ba ta ƙara musu saurin komai ba. Abin da ya fi burge ni, da aka sa 'yan Rashan suna maimaita lambobi takwas a zuci yayin da suke zaɓen, sai fifikon ya ɓace. An shagaltar da harshe, taimakon da yake ba ido ya tsaya. Kada ka kai abin inda bai kai ba: bambancin saurin kamar ƙiftawar ido ne, na'ura ce ke kama shi.

Na faɗi haka ne saboda wani labari da ake yawo da shi a Facebook da WhatsApp, wai akwai mutanen da ba sa ganin shuɗi don ba su da sunansa. Himba ake nufi, makiyaya ne a arewacin Namibiya. Gaskiya ne manyan sunayen launinsu biyar ne, kuma ɗaya a ciki ya haɗa kore da shuɗi. Debi Roberson da Jules Davidoff da abokan aikinsu sun bi yaran Himba da yaran Ingila shekara uku, suka ga cewa yayin da yaro ke koyon sunayen harshensa, kurakuran da yake yi wajen tuna launi suna bin iyakokin harshen nasa. Wannan maganar tunawa ce da rarrabewa. Ganin shuɗi kam suna gani kamar kowa. Mutanen Japan ma fitilar hanya mai ba da izinin wucewa ao suke ce mata, kalmar da suke kiran shuɗi da ita, kuma ba su fasa tuƙi ba.

To yaya za ka faɗi launi? Ni hawa uku nake yi, kuma na koya wa duk matan da nake ba aiki. Ka faɗi babban suna, ka jingina shi da abin da ku biyun kuka sani, sannan ka faɗi zurfinsa. Ja, ruwan hanta, mai cizawa. Rawaya, ruwan ƙwai, mai haske. Hausa ta tanadi kayan aikin nan tun tuni: ruwan goro, ruwan toka, ruwan hoda, ruwan makuba, ruwan madara, ruwan zuma, ruwan lemo, ruwan ɗorawa, ruwan gwal. Ga kuma masu ƙarfafawa, ja wur, baƙi ƙirin, fari fat, kore shar, ga masu sassautawa, ja-ja, baƙi-baƙi, fari-fari. Wanda ya ce "ja-ja mai ruwan goro" ya ba ɗan aike hanya, ko bai dace daidai ba ba zai yi nisa ba.

Sai dai ka lura da abin da ka jingina da shi. Ruwan ƙasa ya fi kowanne cin amana. Mutumin da ke noman shinkafa a fadamar Kadawa ƙasarsa mai duhu ce, ta yi kusa da toka in ta bushe. Mutumin Gumel ko Maigatari rairayi ya sani, mai haske kamar garin ɗorawar da ya koɗe. Wani kuma jar ƙasar da ake yaɓe da ita ce a ransa. Dukkansu ruwan ƙasa za su ce. Ruwan goro ma ka fayyace, launin goron da aka tauna ake nufi, wanda ke rina haƙori, yara da yawa yanzu sun ɗauka na ɗanyen jan goro ne. Ruwan makuba kuwa, wanda bai taɓa ganin an shafe bango ko daɓe da makuba ba, ba abin da zai zo masa a rai, gara ka ce masa kamar baƙin shayin da ya dahu sosai.

Duk da haka, in aikin mai tsada ne, kada ka dogara da baki kaɗai. Yanki ɗan ƙyalle daga cikin lafin rigar, ko ka zaro zare ɗaya, ka ƙulle a takarda ka ba ɗan aike. Hoton waya ba ya maye gurbin wannan, kowace waya da yadda take nuna kala, kuma kyamara tana gyara haske da kanta ba tare da ta tambaye ka ba. Masu riƙe da waya a 2015 za su tuna rigar nan da duniya ta rabu biyu a kanta, wasu na ganin fari da ruwan gwal, wasu shuɗi da baƙi, alhali hoto ɗaya ne. Rigar shuɗi da baƙi ce, ƙwaƙwalwar kowa ce ta yi nata hasashen irin hasken da aka ɗauki hoton a ciki. Saboda haka ka duba kala da hantsi, a inuwa, a bakin ƙofa. Kada ka yanke hukunci a ƙarƙashin fitilar sola ko cikin rumfar da aka rufe da shuɗiyar leda, ko da almuru lokacin da komai ke komawa ja-ja. Ka ɗora zaren a kan ainihin ƙyallen da za a ɗinka shi, don zare ɗaya yakan yi duhu a kan fari ya yi haske a kan baƙi. In rini ne, jira ya bushe. Jiƙaƙƙen ƙyalle kullum ya fi duhu, Baba ba ya taɓa nuna wa mai kaya aikinsa sai ya sha iska.

Koya wa yara shi ne inda na fi damuwa. Yaro yakan iya rera sunayen launi kamar karatu tun kafin ya san wanne ne wanne, kada wannan ya ruɗe ki, uwa. Hausa ta ba mu hanya biyu, muna iya cewa jan tumatir, muna iya cewa tumatir ja ne. Wajen koyarwa ki riƙe ta biyun. Ki fara kiran abin, hankalin yaro ya sauka a kansa, sannan ki faɗi launinsa. Michael Ramscar da abokan aikinsa a jami'ar Stanford sun gwada haka da yara masu jin Turanci, a 2010 suka bayyana cewa yaran sun fi kamawa in sunan launi ya biyo bayan sunan abu. Ni ma abin da nake gani a aji ke nan. Kada ki tsaya a abu ɗaya: tumatir ja ne, barkono ja ne, bokitin nan ja ne, hular Baba ja ce, har ya gane cewa ja ba sunan tumatir ba ne. In ya riƙe manyan, ki shigo da na tsakiya bibbiyu, wannan shuɗi, wannan ruwan bula, yana riƙe da su a hannu. Ba na hana ɗalibaina bulu da yalo da girin, jarrabawa na jiransu. Amma ranar da na koyar da bulu, ranar nake kawo ƙyalle uku daga gida in ce wannan shuɗi, wannan ruwan bula, wannan baƙin rini, don kada kalma ɗaya ta Turanci ta haɗiye uku na kakanninsu.

In kuma yaro ya kai shekara shida ko bakwai yana ta rikita ja da kore, ko kore da ruwan ƙasa, alhali sauran karatunsa lafiya, don Allah a ajiye bulala. Wannan ba na harshe ba ne. A cikin ido akwai ƙwayoyin gani iri uku masu karɓar launi, wasu mutane ana haifarsu ɗaya daga ciki bai cika aiki ba. Ya fi yawa ga maza, kuma galibi ta wajen uwa ake gadonsa. A Turai kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da shi, a Afirka bai kai haka yawa ba, amma akwai. A asibitin ido ana gwadawa da wasu hotuna masu ɗige-ɗige da aka ɓoye lamba a ciki, wani likitan Japan, Shinobu Ishihara, ya fito da su a 1917. Ba a warkar da na gado, amma in an sani sai a daina zagin yaro, a koya masa dabara, a kuma san irin sana'ar da za ta wahalar da shi. Na taɓa samun ɗaya a ajina. Da na gane, sai na riƙa rubuta sunan kala a jikin kowane fensirin zane nasa.

Abu na ƙarshe da nake yi, kuma nake roƙon matasa su yi, shi ne zuwa wurin masu sunaye tun suna raye. Je ka kasuwar Wudil ran Juma'a ko ta Maigatari ran Alhamis ka tsaya kusa da dillalan dabbobi ka buɗe kunne. Inda kai za ka ce farin doki da baƙin doki, mai doki zai ce kili, akawal, bidi, hurde, gunya, danda, bikili. Mai jaki zai ce auraki, duna, idabari. Bafulatani kuwa a garke guda zai kira maka sunayen launin shanu har ka gaji da rubutu. Ka roƙi mutum ya nuna maka dabbar da yatsa yayin da yake faɗin sunan, ka sake nuna wata ka gwada faɗa da kanka ya gyara maka. Bayan kasuwa uku ko huɗu za ka ga idonka ya fara tsayawa a kan abin da da yake wucewa, farin ƙafa, ɗigon wuya, duhun gadon baya.

Ina da wani littafi mai bango mai kauri a shago. Duk kalar da ta shigo hannuna nakan ɗinke ɗan zarenta a gefen shafi, in rubuta sunan da aka kira ta, da wanda ya kira, da garinsu, da kimanin shekarunsa. Wani zaren yana da suna huɗu a gabansa. In mai aiki ya zo ya ce ruwan hanta, sai in buɗe shafin in ce, "Yaya, sa yatsa." Ka ajiye littafin nesa da rana da danshi, kuma ka sabunta zaren duk shekara biyu, don shi ma yana koɗewa.